Ko Ɓerayen Ɗakin Gwaji Za Su Riƙe Mu Ranar Hisabi?



Kwanakin baya, bayan mun tashi karatun Magariba a Kalgo, wani ɗalibina da ya karanci likitancin dabbobi ya biyo ni har bakin mota. Ya ce: "Malam, akwai abin da ke hana ni barci. A inda na yi horo, mukan yi wa ɓeraye rigakafin ciwon haukan kare, sannan mu sa musu ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwa, mu zuba ido mako biyu. Waɗanda rigakafin bai kama ba sai jikinsu ya shanye, su mutu. Da haka ake gane ingancin allurar. Malam, ba za su riƙe ni gobe ƙiyama ba?"

Wallahi sai da na yi shiru. Amsa mai sauƙi tana bakina: ai ɓera da kare mai cizo suna cikin dabbobin da Manzon Allah (SAW) ya halatta kashewa ko a cikin Harami. To amma izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Annabin da ya halatta wannan, shi ne ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Saboda haka tsoron yaron nan yana kan hanya.

Na kwana ina juya maganar, sai na tuna wani yaro a wani ƙauye kusa da Gwandu. Kare ya cije shi a ƙafa, aka shafa magani, ciwo ya warke, kowa ya manta. Bayan kamar wata biyu ya fara firgita idan ya ga ruwa. Ni na yi masa sallah.

Haka cutar take. Tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Amma tsakanin cizo da alamu Allah Ya bar ƙofa a buɗe. A 1885 a Faransa, Luwi Fasto ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allurar da ya haɗa daga lakar zomaye, bayan ya gwada ta a kan karnuka. Yaron ya rayu.

Abin da na fahimta, Allah ne mafi sani, shi ne wannan larura ce, ita kuwa larura ana ɗaukarta gwargwadon buƙata. Gwajin ya halatta idan rai ake son ceta, kuma babu wata hanya. Idan ɓera 10 sun isa, na 11 zalunci ne. A ciyar da su, a rage musu raɗaɗi, wanda ya fara galabaita a hutar da shi, kamar yadda aka umarce mu da wasa wuƙa kafin yanka. Yau ana iya renon ƙwayar cutar a cikin kwalba, to duk inda wannan ya wadatar, uzuri ya faɗi. Wanda kuma ya yi don wasa ko neman suna, ya shirya amsa.

Sai dai, ɗan uwa, hisabin bai tsaya kan mai gwaji ba. Dabbobin nan sun sha wuya don ɗanka ya rayu. Idan kare ya cije shi ka ce "ai ƙaddara ce" ka zauna, wa ya tozarta wahalarsu? Shehu Abdullahin Gwandu, duk da zurfinsa a tafsiri da fiƙihu, sai da ya yi rubutu kan maslahar jiki tare da ta addini. Riƙo da sababi gadonmu ne.

Don haka idan kare ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin nan take da ruwa mai gudu da sabulu na minti 15. A tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga ko karen zai haukace. Allurar ba ɗaya ba ce, a cika ta a ranakun da likita ya sa. Mai karen farauta ko gadi kuwa ya kai shi rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa ta karnuka.

Da na sake haɗuwa da ɗalibin na ce masa: "Ka ci gaba da aikinka, amma kada ka bari wannan tsoron ya fita daga zuciyarka. Ranar da ka daina jin komai, ranar ce zan ji maka tsoro."

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa mu cikin masu jinƙai. A tura wa wani, wataƙila a ceci rai.