Da Me Ake Auna Nisa?

Yau tambaya na zo muku da ita, wadda ta same ni ina zaune a cikin jirgin sama: wai shin da me ake auna nisa?

Lokacin da Allah Ya nufe ni da zuwa Umara, daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Jidda. Tsakaninsu kimanin kilomita 3,400 ne, amma awa biyar ba ta cika ba muka sauka. Aikin da ya rage mini shi ne in ƙara awa biyu a agogona, domin na Saudiyya yana gaba da namu.

Wannan hanyar dai ita ce ƙanen kakana ya bi da ƙafa, shi da jakinsa. Kamar yadda aka ba mu labari, ta Barno ya bi ya shiga Cadi, ya ratsa Sudan, yana tsayawa ƙwadago yana tara guzuri, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya inda ake shiga jirgin ruwa. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo. Wasu ma ba su dawo ba, shi ya sa har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan. To amma kafin ya fita, gida-gida ya bi yana neman gafara, har da waɗanda suka yi masa laifi, don bai sa ran dawowa ba.

Ni kuwa fa? Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Kurna, ni ina Gyaɗi-Gyaɗi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a adaidaita sahu ba. Shekara biyu ba ma magana saboda kuɗin adashi. Na yi sallama da maƙwabta, har mai yi mini kitso sai da na leƙa, amma ita ban je ba. A raina na ce ai sati biyu ne kacal, in na dawo ma daidaita.

Muna tsakiyar tafiya jirgi ya shiga gargada, aka ce kowa ya ɗaura ɗamara, salati ya kaure. Wallahi babu wanda ya faɗo mini a rai sai Yaya. Nan na gane saurin jirgi ne ya ruɗe ni. Mutanen da, tsoron hanya ke sa su wanke zuciya kafin su fita. Mu da tafiya ta yi wa sauƙi sai muka ɗauka dawowa ma a hannunmu take, alhali malamai sun sha gaya mana gaba ba ta halatta ta wuce kwana uku.

Muna sauka na kira ta, hannuna yana rawa. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Kin sauka lafiya? Tun ɗazu nake duba agogo.” Ashe ta san ranar tafiyata, har lokacin tashinmu ta sani. Kuka kawai na sa.

Don haka 'yar'uwa, in akwai wadda kike gaba da ita, kada ki jira ranar tafiya. Ki ɗauki mayafinki yau ki je. Allah Ya sa mu dace, amin.