Ƙarfen Yaƙi da Matattun da Ba Su da Suna

A ƙasashen Turai, ziyarar wuraren da aka gwabza yaƙi ta zama al'ada, amma ba abu ɗaya ne ke kai kowa ba. A Verdun ta ƙasar Faransa, inda aka yi kazamin faɗa a 1916, akwai wani gini a Douaumont da aka tara ƙasusuwan sojoji kimanin 130,000, Faransawa da Jamusawa a gauraye, domin ba wanda ya iya rarrabe su. Mutane sukan shiga wurin da murya ƙasa-ƙasa. A Bovington ta Ingila kuwa, akwai tankar yaƙin Jamus mai suna Tiger 131, wadda aka kama a Tunisiya a 1943. Akan tayar da injinta a gaban jama'a, a yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Dukansu ana kiransu tunawa da tarihi. Ko lamiri zai yarda cewa nauyinsu ɗaya ne?

Bahaushen da ke zaune a Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu, ba ya bukatar jirgin sama kafin ya taka filin daga, gama a kansa yake kwana yake tashi. Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Oktoba na 1967, Anacha a Maris na 1968, Fatakwal a Mayu na wannan shekarar. Zaman 'yan Arewa a garuruwan nan ya girmi yaƙin da nisa: a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Sai 1966 ta zo, aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a biranen Arewa, aka yi ramuwa a kan 'yan Arewa a Gabas, jiragen ƙasa suka yi ta jigilar masu gudu ta kowace fuska. Bayan 15 ga Janairu 1970 aka koma, aka sake buɗe rumfuna, aka yi shiru.

Dattawan unguwannin Hausawa suna da hujjarsu idan suka ce a bar kaza cikin gashinta. Baƙo ba ya tone kabari a ƙasar mai masaukinsa, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Anacha a Fabrairu na 2006, sa'ad da aka far wa 'yan Arewa don ramuwar kashe-kashen Maiduguri, ya san cewa tsohon miki ba ya wuyar fami. Wannan shirun ba tsoro ba ne kawai. Akwai hikima a cikinsa, shi ne kuma ya ba jikoki damar cin kasuwa ɗaya. Sai dai shiru ba ya share abin da yaro zai ji. Idan bai ji daga bakin kakansa ba, zai ji a tashar mota ko a wayar hannu, daga bakin wanda ya zaɓi rabin labarin da ya yi masa daɗi.

Saboda haka zuwa ya fi ƙin zuwa, gani ya kori ji. Abin dubawa shi ne inda ido zai tsaya. A Umuahia, garin da ya zama hedkwatar Biyafara bayan faɗuwar Inugu, akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa da aka kafa a 1985. A can aka ajiye jiragen sama, da jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, da motocin sulke da injiniyoyin Biyafara suka harhaɗa, da nakiyar nan ogbunigwe, wadda ma'anar sunanta ita ce mai kashe mutane da yawa. Cikin garin kuma akwai maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta Ojukwu. Ba laifi ba ne mutum ya yi mamakin basirar waɗanda suka ƙera makamai a lokacin da aka toshe musu kowace hanya. Amma ƙarfe yana da wata yaudara: yana da kyan gani, ba ya wari, ba ya kuka. Matashi zai iya zagaye wurin kaf, ya fito yana muhawarar wane ɓangare ya fi jarunta, bai tuna ko sau ɗaya ba cewa yawancin waɗanda suka mutu, miliyan ɗaya ko fiye bisa ƙiyasi da dama, yunwa ce ta kashe su, kuma yara ne da yawa a cikinsu.

Su waɗannan matattun ba su da Douaumont. A Abagana, kan tsohuwar hanyar Inugu zuwa Anacha, ranar 31 ga Maris 1968 aka yi wa jerin motocin Runduna ta Biyu, wadda Murtala Muhammed ke jagoranta, kwanton ɓauna; tankar mai ta kama wuta, sojoji masu yawa suka ƙone. Kafin nan, a Oktoba na 1967, wasu sun nutse a kogin Kwara a yunƙurin tsallakawa zuwa Anacha. Ɗan Arewa zai iya tsayawa a waɗannan wurare da hawaye ba tare da wahala ba, gama yana jin nasa ne. Wannan makoki halal ne, amma ba a nan gwajin yake ba.

Gwajin yana hayin kogi, a Asaba. A can, ranar 7 ga Oktoba 1967, sojojin rundunar nan guda suka tara maza da samari fararen hula a Ogbe-Osowa, suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Mutanen garin suna tunawa da su har da sunaye. Wanda ya yi kuka a Abagana amma ya kasa cire hula a Ogbe-Osowa, ɓangarensa ya je ziyarta, ba matattu ba. Haka kuma ɗan Gabas da ya haddace Asaba amma yake ba da labarin Abagana yana dariya. Faransawa sun bar makabartar La Cambe a Normandi, inda sojojin Jamus fiye da 21,000 ke kwance a ƙasar da suka mamaye, kuma sai a 1984, shekara 68 bayan faɗan Verdun, shugaba Mitterrand da Kohl suka riƙe hannun juna a can. Abin ya ɗauki lokaci, bai kuma bukaci kowa ya musanta laifin da aka yi masa ba.

Tsakanin Anacha da Asaba akwai tsohuwar gada, wadda aka kammala a 1965, aka karya a 1967, aka gyara bayan yaƙi. A Fabrairu na 2006, a kanta ne Hausawa da yawa suka bi da gudu, da yara a goye, suka nemi mafaka a Asaba.