Ɗibar Wuta a Gidan Maƙwabci: Shin Ilimi Yana da Mai Shi?

 Duk wanda ya kai kwamfutarsa gyara a Dutse ya san abin da akan yi. Mai gyara yakan ɗauko Windows da aka fasa makullinta ya zuba, ya karɓi ladan aikinsa, kowa ya kama gabansa, babu mai tambayar ko an ci haƙƙin wani. Ta halal ɗin kuwa dala 139 ce, watau fiye da naira 200,000 a canjin 2025, kusan albashin wata uku ke nan ga ma'aikacin da ke karɓar naira 70,000. To, shin wannan sata ce?

Masu cewa ba sata ba ce suna da hujjar da ba a raina ta. Wanda ya tsinki dabino a gonar wani ya rage wa mai gona, domin abin da ya shiga buhunsa ya fita daga hannun mai shi. Amma matar da ta aiki yaro ɗibar wuta a gidan maƙwabta ba ta rage musu kome ba, murhunsu yana nan yana ci. Manhaja ta fi kama da wuta. Har ila yau sukan ce littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello da hannu almajirai suka yi ta juyar su daga gari zuwa gari, ba a taɓa jin an nemi kuɗin izini ba, sai dai a biya marubuci ladan tawadarsa da zamansa. Ga kuma gargaɗi mai tsanani da ya zo a kan ɓoye ilimi.

Wannan gardama ta girmi yawancin masu yin ta. A 1976 Bill Gates, wanda suka kafa Microsoft da abokinsa, ya rubuta wasiƙa yana zargin masu juyar manhajarsa da sata. A 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya tashi da kishiyar wannan ra'ayi, ya ce a rubuta uwar manhaja, watau wadda take tafiyar da na'ura gaba ɗaya, a buɗe asalin rubutunta kowa ya karanta, ya gyara, ya ba wani. Ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya sanar da aikin da ya zama Linux. Kwana biyu bayan haka aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, saboda haka sa'o'in juna ne.

Abin lura a nan shi ne sharaɗin da suka gindaya. Kowa yana iya ɗauka, har ya sayar idan ya so, amma wanda ya gyara ya rarraba, tilas ya bar gyaransa a buɗe kamar yadda ya same shi. Mai ilimin fikihu zai ga kamannin wakafi a ciki: rijiyar da aka haƙa domin jama'a, kowa ya sha, wanda ya yashe ta ya samu lada, amma babu mai ikon kewaye ta da katanga ya ce ta zama tasa. Wannan sharaɗi ne ya ɓata wa manyan kamfanoni rai, har shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kira Linux ciwon daji a 2001.

Rigimar ta iso Nijeriya a 2007. An yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 domin 'yan makaranta, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Ana cikin haka sai aka ji za a goge ta a zuba Windows. Shugaban Mandriva ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa cikin fushi, jaridu kuma suka ruwaito cewa ana tattauna ba kamfanin da ke raba na'urorin dala 400,000 da sunan kuɗin talla. Microsoft ya ce bai saɓa wa doka ba. Hukumar gwamnati da ta biya kuɗin 11,000 daga cikinsu ta ce ita Linux take so. Abin da ake takara a kansa a fili yake: yaron da ya buɗe ido da manhaja guda, da ita zai girma, ita zai nema a ofis, ita zai saya wa 'ya'yansa. Mandriva dai ya durƙushe a 2015. Microsoft kuwa ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, bayan ya ga wayoyin Android da manyan na'urorin intanet a kanta suke tafiya.

Sai a koma ga mai gyara na Dutse. A Disamba 1988 Majalisar Fikihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta ta ba. Akwai malaman da suka saɓa, amma wannan shi ne ra'ayin mafi yawa a wannan zamani, kuma dalilinsu yana da ƙarfi. Misalin wuta ya manta da mai faskare. Dubban mutane sun yi shekaru suna rubuta manhajar, albashinsu daga cinikinta yake fitowa. Ilimin da aka hana ɓoyewa kuwa shi ne wanda mutum yake bukata domin addininsa da tsirarsa, ba a ce maƙeri ya raba garmarsa kyauta ba.

Saura uzurin larura, wanda shi ne mafakar yawancin jama'a. Lalle talauci gaskiya ne, kuma ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da malaminsa ya ce sai da manhaja kaza za a yi aikin aji, ba a sa shi a ma'auni ɗaya da mai shagon da ke cin riba da fasasshiyar manhaja. Amma larura takan tsaya ne inda babu mafita, ga shi kuwa Ubuntu da ire-irenta suna nan kyauta, halal, tun 2004. Wanda ya bar ruwan rijiyar wakafi ya haura katangar wani domin ya fi sabawa da ɗanɗanon nasa, da wuya a kira shi mai larura.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu riƙe da dukiyar jama'a. Jigawa ta riga jihohi da yawa shiga wannan fage, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, da aka kafa Galaxy a Dutse da makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. Ɗalibi ba zai zaɓi abin da ba a taɓa nuna masa ba, mai gyara kuma ba zai zuba abin da bai iya ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, sabuwar kuma ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa, irin waɗanda suka cika makarantu da ofisoshi da shaguna. Jami'in da ke da irinsu a ƙarƙashinsa zai zubar da su ya nemi kuɗin sababbi daga baitulmali, ko ya bar su da fasasshiyar manhaja, ko kuwa ya tura ma'aikata biyu su koyi Linux su dawo su zuba musu.