Wasiyyi Mai Riƙon Amana Ne

Karatu: Luka 16:10-12, Yaƙub 1:27

A ce ɗan'uwanka ya rubuta wasiyya, ya naɗa ka wasiyyi, sa'an nan Ubangiji ya kira shi gida. Ya bar gida da gona da kuɗi a banki, ga mata da ƙananan yara. Ka kai wasiyyar Babbar Kotun Jiha, aka tabbatar da ita, aka ba ka takarda. Daga nan banki zai saurare ka, 'yan haya za su biya a hannunka, idan bashi ya tilasta ma kana iya sayar da gonar. To, tun da doka ta ba ka wannan iko, dukiyar ta zama taka ke nan?

Ko kaɗan. Doka ta ba ka ikon ne domin ka tattara dukiyar, ka biya kuɗin jana'iza da bashin mamaci, ka miƙa wa kowane magaji rabonsa yadda aka rubuta. Ba ta yarda ka sayar wa kanka gonar ba, magada kuma suna iya neman kotu ta sa ka kawo lissafi.

Amma kotu ba ta ganin zuciya. Gwajin yakan zo a hankali. Kuɗin makarantar 'ya'yanka ya matso, sai ka ce, "Bari in ara, zan mayar." Wanda ya ba ka amanar yana kabari, gwauruwar tana jin nauyinka, yaran ba su san lissafi ba. Wa zai tambaye ka? Allah, Uban marayu, zai tambaye ka. Yesu ya koya mana cewa ana auna amincin mutum da yadda ya riƙe kayan wani.

Saboda haka kada ka haɗa kuɗin gado da naka. Rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita. Nuna wa gwauruwar lissafin tun ba ta tambaya ba. Idan ka riga ka taɓa dukiyar, ka faɗa wa iyalin, ka mayar, kamar yadda Zakka ya yi. Kada ka ɗauki abin marayu ka kawo baiko a gaban Ubangiji.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare hannuna daga abin da ba nawa ba, ka same ni da aminci a ranar lissafi. Cikin sunan Yesu, amin.