YARON DA YA TASHI DA DARE: JAWABI GA IYAYE A LOKACIN KOMAWA MAKARANTA



Watan Satumba ya kama. Daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Bagwai zuwa Tsanyawa, gero ya nuna, ana yanka ana ɗaure dammuna, dawa kuwa tana tsaye tana jiran lokacinta. A wannan ƙasa tamu, inda gona take manne da gona, ba mai zama a irin wannan lokaci. A daidai nan ne kuma dogon hutu ya ƙare, makarantu suka buɗe sabuwar shekarar karatu. Mun ga faɗi-tashin da kuke yi: wannan ya sayar da akuya ya ɗinka kayan makaranta, wancan ya auna gyaɗar bara ya sayi littattafai, uwa ta soya ƙuliƙuli ta ƙulla gari ta sa a akwatin mai tafiya makarantar kwana. Allah ya sāka muku. Amma akwai wani kaya da yaro yake ɗauka zuwa makaranta wanda ba mu cika dubawa ba, watau abin da yake cikin zuciyarsa. A kan wannan kaya muke so mu yi tunani tare.

Mu tuna da labarin Sama'ila, cikin Littafin Sama'ila na Fari, sura ta 1 zuwa ta 3. Yana ɗan ƙarami mahaifiyarsa Hannatu ta kai shi Shilo, ta bar shi a hannun Eli firist domin ya yi hidimar Ubangiji. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ashe Sama'ila ɗan makarantar kwana ne, Hannatu kuwa kamar kowace uwa ce a cikinmu. Wata rana da dare yaron ya ji ana kiransa, ya tashi a guje ya tafi wurin Eli. Eli ya tsufa, idonsa ya dushe, ga barci. Sai ya ce masa ya koma ya kwanta. Yaron ya sake zuwa, ya sake mai da shi. Sai a zuwa na uku tsohon ya farga cewa akwai dalili, Ubangiji ne yake kiran yaron, sa'an nan ya koya masa yadda zai amsa.

Mu lura da abu biyu. Na farko, Eli bai ɗauki sanda ba, bai kira yaron maƙaryaci ba, shi ya sa yaron ya sami ƙarfin halin dawowa har sau uku. Na biyu, da gari ya waye Sama'ila ya ji tsoron faɗin abin da ya ji, gama maganar hukunci ce a kan gidan Eli kansa. Eli ne ya kira shi, ya matsa masa kada ya ɓoye kome, ya kuma saurari magana mai ɗaci daga bakin yaro ba tare da ya huce a kansa ba. Eli yana da nasa laifi, domin bai kwaɓi 'ya'yansa na cikinsa ba sa'ad da suka lalace, wannan kuwa gargaɗi ne cewa sauraron yaro ba ya hana tarbiyya. Amma a wannan dare ya yi abin da ya kamata kowane babba ya yi.

To, mene ne yake tashin 'ya'yanmu da dare a wannan zamani?

Na farko shi ne tsoro. Yara suna da kunne, suna jin abin da muke faɗa a dandali da abin da rediyo yake faɗa. Sun ji labarin Ƙanƙara a maƙwabciyarmu Jihar Katsina, inda aka kwashe ɗalibai maza sama da 300 a daren 11 ga Disamba, 2020. Sun ji na Jangebe a Jihar Zamfara, inda aka tafi da 'yan mata 279 a Fabrairun 2021, har gwamnatin Kano ta rufe waɗansu makarantun kwana a lokacin. Sun ji na makarantarmu ta St. Mary da ke Papiri a Dayosis na Kontagora, inda aka sace yara sama da 200 tare da malamansu ranar 21 ga Nuwamba, 2025, sai dab da Kirsimeti aka sako na ƙarshensu. A ƙarshen wannan shekara ta 2025 kuma 'yan bindiga suka shiga waɗansu ƙauyukan Tsanyawa da Shanono, nan cikin jiharmu. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaron da ya kwana a gonar dawa domin an ce ga su nan zuwa, ba abin mamaki ba ne in ƙarar babur ta sa gabansa ya faɗi a cikin aji.

Na biyu shi ne kunyar rashi. Akwai yaron da zai koma da rigar bara wadda ta ɗage, ba takalmi, ba abin karin kumallo. Akwai wanda za mu riƙe a gona mako uku domin yankan gero da roron wake, ya isa aji an yi nisa, a tambaye shi ya kāsa, a yi masa dariya, wataƙila har da bulala a kan laifin da ba nasa ba ne. Akwai yarinyar da sai ta ɗebo ruwa ta kai talla kafin ta kama hanya, kullum a makare take. Akwai kuma 'ya'yanmu da suke su biyu ko uku kaɗai masu bin Kristi a cikin aji, wani lokaci su ji kalmar da ta sosa musu rai, su rasa wanda za su gaya wa.

Na uku shi ne kewar gida, musamman ga waɗanda suka shiga aji ɗaya na sakandare, suka rabu da ɗakin uwa a karo na farko.

Dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Mun tashi cikin al'ada mai daraja kunya da kara da haƙuri, waɗannan kuwa kyawawan halaye ne da ba mu so su ɓace. Yaro ba ya kallon idon ubansa. A gidaje da yawa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zauna hira da shi. Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma cikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai haɗiye ya zauna lafiya yana iya ƙone yaro. In bakinsa ya yi shiru, jikinsa yakan yi magana: ciwon ciki ko ciwon kai kowace safiyar Litinin, fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, firgita cikin barci, ƙin abinci, saurin fushi, ko kuwa mai yawan wasa ya koma gefe shi kaɗai. Sau da yawa mukan kira wannan lalaci ko taurin kai, mu ɗauko tsumagiya.

Mu firistoci ma ba mu kuɓuta ba. A wata ƙaramar coci ta ƙauye da mukan je Misa, an taɓa kawo mana wani yaro ɗan shekara 13 da ya ƙi komawa makarantar kwana. Muka ce masa ya yi haƙuri, ya yi biyayya, ya riƙa addu'a, muka sa masa albarka muka hau babur, domin ana jiranmu a wata cocin. Watau mun ce masa ya koma ya kwanta. Bayan mako biyu ya gudo gida a ƙasa. Kakarsa ce, suna zaune suna ɓarar gyaɗa tana tsokanarsa, ta gano cewa zango guda cur da takalmansa a ƙafa yake kwana, domin in an zo ya sami gudu. Da ubansa ya ji, sai ya raka shi da kansa, suka ga shugaban makaranta, aka zaga da yaron aka nuna masa katanga da masu gadi, aka sa shi kusa da wani ɗan garinsu babba. Tsoron bai tafi rana ɗaya ba, amma ya zauna ya yi karatunsa. Tsohuwar nan ba ta yi makarantar firistoci ba, amma ta fi mu gane karatun Eli.

Ekklesiya ta daɗe tana koyar da wannan. Majalisar Vatican ta Biyu, cikin sanarwarta a kan ilimin Kirista ta shekarar 1965, ta tabbatar cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu. Waliyyi Yohanna Bosco, wanda ya tattara yaran titi a birnin Turin na Italiya, ya rasu a 1888, ya gina tarbiyyarsa a kan hankali da addini da ƙauna, yana koya wa mataimakansa cewa wajibi ne yaro ya gane da kansa ana ƙaunarsa. Manzo Bulus kuma, cikin wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa, ya gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai.

Saboda haka ga abin da muke roƙonku a wannan zango.

Iyaye, ku ba yaro lokaci kaɗan kowace rana. Ba sai an zaunar da shi kamar gaban alƙali ba, gama yaranmu sun fi sakin baki sa'ad da hannu yake aiki, a hanyar gona, ko wurin sussuka, ko bakin murhu. Ku tambaye shi da wa ya yi wasa yau, mene ne ya ba shi dariya, mene ne ya ɓata masa rai. In ya ce yana jin tsoro, kada ku ce namiji ba ya tsoro, kada kuma ku yi masa alkawarin ƙarya. Ku gaya masa gaskiya daidai ƙarfinsa, da abin da manya suke yi domin tsaronsa, da inda zai nufa in wani abu ya faru. Ku rage ba da labarin kashe-kashe a gaban ƙanana. In alkunya ta hana ku, to, Allah ya ba mu kakanni da goggo da kawu da iyayen baftisma. Ku tabbata kowane yaro yana da babba guda da zai iya tasa da dare. In kuwa abin da ya faɗa ya taɓa ku, ko ya taɓa wani babba da kuke girmamawa, ku saurara har ƙarshe, ku bincika, kada ku rufe bakinsa domin gudun abin kunya.

A kan aikin gona, mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mu farfaɗo da gayya a tsakanin manya, yara su taimaka da yamma da ranar Asabar, domin su fara karatu tare da 'yan ajinsu.

Malamai, Kirista da Musulmi, muna gode muku, mun san yawan yaran da kowannenku yake fama da su. Muna roƙo ku tambayi dalilin makara kafin ku ɗaga bulala. Katekis da Zumuntar Matan Katolika, ku san kowane yaro na cocinku da sunansa, ku lura da wanda ya daina zuwa koyarwa, ku haɗa hannu ku rufa asirin marayu da kayan makaranta ba tare da shela ba.

In damuwar yaro ta wuce makonni ba sauƙi, ko ya daina ci da barci, ko ya ambaci cewa ya gaji da rai, kada a tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa ko ta damuwa. Ciwo ne kamar zazzaɓi, yana da magani. A fara da asibiti mafi kusa, akwai kuma likitocin wannan fanni a Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za mu yi addu'a tare da ku, ku kuma ku kai shi, gama Allah da ya ba mu addu'a shi ne ya ba likita sani.

'Yan'uwa, Hannatu ta ɗinka riga, Eli kuwa ya farka ya saurara, da haka Sama'ila ya girma ya zama annabi. Rigar kun riga kun ɗinka. Saura sauraro. A daren yau, bayan tuwo, kafin Rosari, kowannenmu ya kira yaro guda ya tambaye shi yadda ya wuni, ya kuma jira amsa.

Bari Budurwa Maryamu da Yusufu mai tsarki, waɗanda suka yi kwana uku suna neman yaron Yesu cikin damuwa har suka same shi a Haikali, su yi roƙo domin 'ya'yanmu da malamansu. Ubangiji ya tsare fitarsu da komowarsu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.