Wa Ke Jinyar Mai Jinya?

Ɗan'uwa, in a Mu'aither kake zaune kamar ni, ka san irin wayar da nake nufi. Agogon Doha yana gaban na Kano da awa biyu, don haka kafin ƙanwarka ta ba Hajiya magani, ta lallaɓa ta ta yi barci, nan dare ya yi nisa. Sai ta kira. Ka tambayi jikin Hajiya, ta ce da sauƙi. Ka ce kuɗi sun shiga? Ta ce sun shiga, Allah ya saka. Daga nan sai shiru. Ka taɓa tambayar me ke cikin shirun nan?

Ni na daɗe ban tambaya ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifiyarmu, na ɗauka mun raba aiki daidai: ni kuɗi, ita hidima. Ba na raina kuɗin. Tun 2021 mafi ƙarancin albashi a Katar riyal 1,000 ne, ban da abinci da masauki, kuma wanda ya yanki rabi ya tura gida ya yi ƙoƙari. Amma riyal ba ya juya tsohuwa a kan katifa cikin dare don kada gyambo ya kama bayanta. Ba ya wanke zane da asuba, ba ya bin layin ganin likita.

Ran nan ƙanwata ta ce da ni: "Yaya, jiya na ɓuya na yi kuka. Har na ji ina ma in yi barcin kwana biyu babu mai kiran sunana. Anya ban yi zunubi ba?"

Na rasa amsa, sai daga baya na tuna aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana nuna wa iyaye ƙosawa idan sun tsufa. A fahimtata, hanin kansa ya nuna an san gajiya za ta zo. Abin da aka hana shi ne a sauke musu ita. To, a ina za ta sauke? In ba ta da wurin saukewa, wata rana a kan Hajiya za ta zube, kuma da hannunmu a ciki.

Mun iya cewa "ki yi haƙuri, aljannarki ce." Gaskiya ne. Sai dai sau da yawa muna faɗa ne don mu rufe zancen mu kwanta.

Ran Juma'a da babu aiki, kira ta, ka tambayi lafiyarta ita kanta, ka bar ta ta yi magana ba tare da wa'azi ba. Cikin abin da kake turawa, ware na mai taya ta kwana, ko sau biyu a mako. Ka rage ba da umarni daga nesa. In hutu ya kai ka gida, rage yawon gaishe-gaishe, ka karɓi kwanan jinya ta samu barci.

Kai ma da zuciyarka ke tuhumarka kan nisa, kada ka haɗiye kai kaɗai. A masaukinka akwai mai irin damuwarka. Ku zauna bayan isha ku tattauna.

Yau in ta yi shiru, kada ka yi sallama tukuna. Ce mata, "Ke fa, yaya kike?" Sannan ka jira amsa.