Akwai Namu a Ciki?

Ranar Lahadi, 27 ga Janairu 2002, muna ɗalibai a seminari sa'ad da labari ya iso mana da dare cewa Legas tana girgiza. Muka yi cincirindo a gindin rediyo guda, wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi. Sai washegari muka ji cikakken bayani: gobara ce ta kai ga rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja, bama-bamai suka yi ta fashewa. Jama'a suka runtuma a guje cikin firgita, da yawa suka auka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa, wadda ciyayi suka lulluɓe fuskarta. Fiye da mutum 1,000 suka halaka, mata da yara ba iyaka a cikinsu.

Tambayar da ta fara fita daga bakinmu a daren nan ita ce: akwai namu a ciki? Da wuya a sami wani a cikinmu da ba shi da ɗan'uwa a aikin soja, wayar hannu kuwa ba ta yawaita ba tukuna. Wani abokin karatunmu, wanda wansa ke zaune a barikin da iyalinsa, ya kwana uku bai ci abincin kirki ba, mu ma muka taya shi zaman zullumi. Da saƙo ya zo cewa suna nan lafiya, muka yi sowa, muka yi wa Allah godiya. Daga ran nan muka mai da rediyon kan labarin ƙwallo, alhali ba a gama tsamo gawawwaki ba.

Shin murnarmu laifi ce? Ba mu ga haka ba. Hausawa kan ce naka sai naka, Waliyyi Toma Akwinas ma ya koyar cewa ƙauna tana da tsari, daidai ne kuma mutum ya fifita na kusa da shi. Uwar da ta fara neman ɗanta cikin hayaƙi ba ta yi wa ɗan maƙwabciya zalunci ba.

Laifinmu yana cikin abin da ya biyo baya: muna jin namu ya tsira, sai makokin ya ƙare. Kwana uku muka ɗanɗana abin da dubban gidaje ke sha, wannan kuwa ya isa ya koya mana cewa kowace gawa a Oke-Afa tana da mai jiran labarinta. Amma muka sauke nawayar da zarar ta daina zama tamu. Haka ƙasa take saba da masifa: kowane yanki ya yi kukan nasa, ba a kuwa haɗa baki a tambayi dalilin da ya sa aka jibge irin waɗannan makamai a tsakiyar gari.

'Yan'uwa, in wani mugun labari ya sake zuwa, mu nemi namu, ba abin kunya ba ne. Amma bayan mun same su, kada mu kashe rediyo. Mu nemi sanin waɗanda abin ya shafa, mu miƙa taimako, mu kai su gaban bagadi. A Misa ta wannan mako, mu tuna da waɗanda aka binne a Oke-Afa ba tare da an san sunansu ba. Allah ya ba su hutawa ta har abada.